Karatun PA a Amurka: kife allon ka bada hadda

Assalamu alaikum ƴan uwa. Duk shekara idan ƙannenmu suka samu gurbi a makarantar PA tambayarsu ɗaya ce, wai yaya wane littafi zan saya, wace manhaja zan sauke, iPad zan saya ko laftof. Ina basu amsa dai, amma a raina nasan ba nan gizo ke saƙa ba, dan haka yau nace bari in zauna in rubuta abin da tsawo yadda kowa zai samu. Da "ka" zan riƙa magana dan sauƙi, amma ƴar uwa har da ke nake, ai mata ma sun fi maza yawa a wannan aikin.

Ga wanda bai sani ba, PA mataimakin likita ne, yana ganin mara lafiya, yayi bincike, ya faɗi cutar, ya rubuta magani, ya shiga tiyata ya taimaka, duk tare da likita. A jami'ar Duke aka fara kwas ɗin a 1965, Dakta Eugene Stead ne ya ɗauko mutum huɗu tsofaffin ma'aikatan lafiya na sojan ruwa ya fara dasu, kuma ya ɗora tsarin ne akan irin horon gaggawa da aka yiwa likitoci lokacin yaƙin duniya na biyu. Kaga kenan gaggawa a jinin kwas ɗin take tun ranar haihuwa. Yau yawancin makarantu wajen wata 27 suke ɗauka, shekarar farko ko ɗan fiye kana aji tun safe har la'asar, sauran kuma kana zagayen asibiti wajen awa 2000, abin da ɗalibin likita zai yi a shekara biyu a aji kai a ɗaya da ɗan wani abu za'a ɗura maka kaso mai yawa daga ciki. Ƴan uwanmu na zango a Gana dake karatun nan a Kintampo ko wata jami'a, jarabawarku ta lasisi daban ce, hukumar likitocin ƙasarku ke yinta, amma maganar yadda ake karatun duk ɗaya ce.

To ni ga abin da ya faru dani. Jarabawar anatomi ta farko, na karanta silaid ɗin lakcara sau uku daga farko har ƙarshe, na shafe takardu da alƙalamin kala, rawaya da kore da ruwan hoda, duk shafin da na buɗe sai inji ai na sanshi. Na shiga ɗakin jarabawa tambaya ta zo akan jijiyar da ke lalacewa idan ƙashin dantse ya karye a tsakiya, wallahi ina ganin shafin a idona, har kalar da na shafa ina gani, amma sunan jijiyar yaƙi zuwa. Da kyar na haye. Abin ya dameni sosai saboda ba wasa nayi ba, barci ma ban samu ba a satin. Daga baya ne na tuna makarantar allo. Wane malami ne zaka je gabansa kace malam na duba allona sau uku, ya ce to je ka wanke? Babu. Kife allon zai sa kayi, ka biya daga kanka, inda ka kakare ya ɗago ka, ka koma ka sake, kuma ko ka wanke an maka ƙari ba'a barinka da tsohon karatu, akwai tishi. Abin da na sani tun ina ɗan shekara bakwai shine na yar da na zo jami'a. Ido ya saba da shafi daban, kai ya riƙe daban, kuma jarabawa da mara lafiya duk abin da ke kai suke nema.

Masu bincike ma abin da suka gano kenan. A 2006 Roediger da Karpicke na jami'ar Washington dake St. Louis sun raba ɗalibai, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu wasu kuma aka sa su rufe su rubuto abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma bayan sati ɗaya masu rufewa suka wuce su. Wannan minti biyar ɗin shine yake yaudararmu, shine yake sa kaji kamar ka iya. A 2013 kuma John Dunlosky da abokan aikinsa suka auna dabarun karatu guda goma, biyu ne kawai suka samu babban matsayi, gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba bita a kwanaki daban daban, shafa kala da maimaita karantawa suna can ƙasa. Hadda da tishi kenan da wani suna.

Yanzu yaya zakayi a aikace. Da daddare ko da safe kafin lakca ka ɗauki minti goma zuwa sha biyar ka duba manufofin darasin da lakcara ya bayar, wannan jerin da ake sawa a farkon silaid ko a takardar kwas wanda kowa ke tsallakewa, daga nan ake ciro tambayoyin jarabawa. Ba karatu zakayi ba, sanin hanya kawai. A cikin aji kada ka zama sakatare kana kwafe abin da ke kan silaid, ai an riga an baka shi, ka rubuta abin da lakcara ya ƙara da bakinsa da inda ya tsaya ya nanata. Sai babban aikin, a ranar nan kafin ka kwanta, ba gobe ba, ba ƙarshen sati ba, ka rufe komai ka ɗauki farin allo ko farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna akan cutar da aka koyar. Me ke kawo ta, wa take kamawa, da wane kuka mara lafiya zai zo, me zaka gani in ka duba shi, wane gwaji ne na farko kuma wanne ne mai tabbatarwa, maganin farko, in bai yi ba sai me, sannan me zai iya kashe shi in ka yi sake. Kullum a wannan jerin, kowace cuta, har ya zame maka jiki. In ka gama sai ka buɗe silaid ka cike gurbin da jan biro. Ranar farko jan zai fi baƙin yawa kuma ranka zai ɓaci, kayi haƙuri, wannan jan shine ainihin karatunka, sauran ka riga ka sani baka buƙatar ɓata lokaci akansu. Farin allo na bango ɗan madaidaici kuɗinsa bai kai na littafi ɗaya ba, amma a duk kayan da na saya babu wanda ya kai shi amfani.

Sai maganar Anki, dan nasan ita kuke jira. Manhaja ce ta katin tambaya, gaba tambaya baya amsa, in ka amsa sai ka gaya mata ya zo da sauƙi ko da wuya ko ka manta gaba ɗaya, ita kuma ta lissafa ranar da zata sake kawo maka katin, wanda ka iya ta jinkirta shi wanda ka manta ta dawo dashi yanzu yanzu. Tushen abin tsoho ne, tun 1885 wani Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya gwada a kansa ya nuna mantuwa tafi gudu a awanni da kwanakin farko, daga nan ta rage. Kyauta ce a kwamfuta, kyauta ce a Android da sunan AnkiDroid, ta iPhone ce ake saya wajen dala 25 sau ɗaya.

Amma fa Anki ta kada mutane da yawa, kuma ba laifinta bane. Na farko mutum zai kwafe silaid guda ya zuba a bayan kati, to wannan ba kati bane shafi ne, kuma idan ya fito zaka kalle shi kace eh na sani ka wuce, ka koma gidan jiya. Kati ɗaya abu ɗaya. Misali gaba ka rubuta, mai hawan jini an sa masa lisinopril ya dawo da busasshen tari, me ya taru a jikinsa? Baya, bradykinin. Wani katin daban, wane rukunin magani za'a mayar dashi? Masu ƙarewa da sartan, irin losartan. Wani kuma, a takardar gwajin zuciya ta ECG layin ST ya ɗaga a II da III da aVF, wane ɓangaren zuciya ne kuma wace jijiya ake zargi? Ƙasan zuciya, yawanci jijiyar dama. Daƙiƙa goma ka amsa ka wuce. Na biyu kada kayi kati akan abin da baka gane ba, fahimta tukunna sannan hadda, in ba haka ba tambaya na canja riga zaka ɓata. Na uku ga anatomi akwai tsarin rufe sunaye a jikin hoto, ka ɗauko hoton daga silaid ka rufe sunayen kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya, wannan kam ya cece ni a ƙasusuwa da jijiyoyin hannu. Katunan da ƴan ajin gaba suka haɗa suna rage wahala kuma ban hana ka karɓa ba, sai dai ka tace, abin da ba'a koyar daku ba ka ɓoye shi, wanda kuma ya ci karo da abin da lakcaranku yace to na lakcara zaka bi har ka haye jarabawarsa.

Abu mafi muhimmanci dai, tsofaffin katuna kullum, ko ranar da baka da ƙarfi. Ka tsallake kwana uku zaka dawo ka tarar da tsauni, daga nan ne mutane ke goge manhajar suce bata aiki. In sun maka yawa ka rage sababbi, kada ka taɓa tsofaffi. Ni bayan sallar asuba nake yinsu kafin in buɗe WhatsApp ko wani abu, minti talatin zuwa arba'in, kai a sake gari shiru.

Famakoloji ita ke sa mutane kuka. Kada ka haddace magani ɗaya ɗaya, dangi dangi zaka bi, ka san uban gidan sosai sauran ka lura da inda suka saɓa masa. Masu ƙarewa da pril, irin lisinopril, duk hali ɗaya, tari, hauhawar fotasiyam, kumburin fuska da leɓe, kuma ba'a ba mai ciki. Masu olol suna rage bugun zuciya, ka kiyaye da mai asma musamman irin propranolol. Masu statin, na rage kitsen jini, ka tuna ciwon tsoka da hanta. In ka san yadda maganin ke aiki a jiki rabin illolinsa da kanka zaka hango su.

Cututtukan da suka yi kama kuma gefe da gefe ake karanta su, dan jarabawa a kan bambancin take tsayawa. Zana layi a tsakiyar allo, Crohn a hagu ulcerative colitis a dama. Na farko ko ina zai iya kamawa daga baki har dubura, yana tsallake wuri, yana cin kaurin bangon hanji duka. Na biyun daga dubura yake farawa ya hau sama ba tsallake, a babban hanji kawai, a fatar ciki kawai, da gudawa mai jini. Haka zakayi wa gazawar zuciyar hagu da ta dama, hagu ruwa a huhu mutum baya iya kwanciya sai ya tara filo, dama kumburin ƙafa da jijiyar wuya da hanta. Ka cike daga kanka, ka goge, bayan kwana uku ka sake.

Rumbun tambayoyi kuma ka fara tun samistar farko, kada kace sai na gama karatu zan gwada kaina, ai tambayar ita ce karatun. UWorld da Rosh Review (wanda yanzu ya koma Blueprint) su aka fi sani, ka fara tambaya ko makarantarku ta biya muku ɗaya kafin ka cire kuɗinka. Ana koyar da zuciya kayi tambayoyin zuciya, goma ko ashirin a rana ya isa, amma lokacin da zaka ɓata wajen karanta bayanin amsa ya ninka na amsawar, har waɗanda ka ci, saboda wani cin sa'a ce. Ka buɗe littafin kurakurai, duk wadda ka faɗi ka rubuta layi ɗaya, ban sani bane, ko na sani na rikita da wata, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Bayan wata ɗaya ka duba zaka ga halinka ƙarara. Ni nawa yawanci na ukun ne, ana tambayar matakin da za'a ɗauka yanzu ni kuma ina zaɓar gwajin da yafi kowanne tabbatarwa, alhali ba abu ɗaya bane. Tun daga nan na koma karanta layin ƙarshe na tambayar kafin in karanta labarin mara lafiyan.

Dalilin da yasa nake matsa maka akan tambayoyi shine PANCE, jarabawar da hukumar NCCPA ke yi bayan ka gama, wadda sai da ita zaka sa PA-C a bayan sunanka. Tambaya 300 ce, kashi biyar, kowane kashi tambaya 60 a minti 60, wato minti ɗaya kowace tambaya har awa biyar. Ana bada maki daga 200 zuwa 800, a 350 ake hayewa, kuma dama shida gareka a cikin shekara shida. NCCPA ta wallafa jerin cututtuka da kason kowane fanni kyauta a shafinta, zuciya ce tafi kaso, ka sauke shi tun satin farko ka riƙa yiwa abin da kuka gama alama. In an kusa sai ka koma yin 60 a jere da agogo, fannoni a gauraye, dan jiki ma sai ya koyi zaman.

Bidiyo irin na Osmosis da Sketchy suna da kyau in abu yaƙi shiga, Sketchy musamman a ƙwayoyin cuta da magunguna. Sai dai kallo daɗi gareshi, zaka iya awa uku kana kallo kaji kayi karatu alhali ko sau ɗaya baka kife allo ba. Ka kalli ɗaya, ka rufe, ka faɗi abin da ka gani da bakinka. Kuma dan Allah kada ka tara kaya, silaid ɗin aji, Anki, rumbun tambayoyi ɗaya, wurin bidiyo ɗaya, shikenan. Duk wanda na gani yana canja manhaja kowane sati tsoro ne ke damunsa ba rashin kayan aiki ba, kuma kuɗin bashin makaranta ne yake ƙonawa. ChatGPT da ire-irensa zasu iya maka bayani cikin sauƙi ko su ƙirƙiro maka tambayoyi, amma suna kuskure kuma babu alamar shakka a muryarsu, dan haka adadin magani da ƙa'idar jinya ka tabbatar a UpToDate, shafin da likitoci ke dubawa, ko littafin kwas.

Gurup ɗin karatu mutum uku ko huɗu, kowa ya karanto nasa kafin a haɗu, a zo ana yiwa juna tambaya ana koyar da juna a allo. In zaman ya koma hira da kukan lakcara ka zame cikin mutunci. Su ne kuma zaka riƙa gwada duba mara lafiya a jikinsu kafin OSCE, wannan jarabawar da ake kawo mutum yayi kamar bashi da lafiya ana kallonka da agogo. Ita ba'a karanta ta, hannu da baki ke koyo, ka yi ta faɗin matakan da ƙarfi tun daga wanke hannu da gabatar da kanka. Akwai wata dabara da mu muke da ita wadda ƴan ajinmu basu da ita, ka gwada yiwa Hajiya ko wata gwaggo bayanin ciwon suga da Hausa zalla a waya. Duk inda ka kasa sai da Turanci to nan ne baka gane ba, kalmar kawai ka riƙe.

Barci kuma ba ragwanci bane, a cikinsa kai ke ajiye abin da ka karanta, kwana zaune daren jarabawa asara biyu ce. Wasu suna bin tsarin minti 25 karatu minti 5 hutu, yana aiki, ni dai na fi son minti 50 da 10, kuma lokutan salla su suka zame min iyakar zangon karatu, alwala kanta tana wartsakar da mutum. Waya a wani ɗakin. Da azumi ka maida abu mai nauyi bayan sahur da kuma bayan shan ruwa, da rana ka tsaya a katuna da tambayoyi kaɗan. Maganar Juma'a da ranar Idi ka kai wa shugabannin kwas da wuri a rubuce, tun farkon samista, ba ana gobe ba. In kuma ka faɗi jarabawa ɗaya ka tafi wajen malamin dake kula da kai a satin, kada kunya ta sa ka ɓoye har ta zama biyu, makarantu da yawa suna da ƙa'ida mai tsauri akan yawan faɗuwa. Haka in damuwa ta fara hana ka barci ko cin abinci, akwai ofishin masu bada shawara a makaranta, ka je.

Shekarar asibiti salon ya canja. Zaka zaga fannoni bakwai na dole, likitancin iyali, cututtukan manya, tiyata, yara, mata da haihuwa, gaggawa, da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma yawancin makarantu a ƙarshen kowanne akwai jarabawar PAEA, ƙungiyar makarantun PA, mai tambaya 120. Yanzu babu lakcara mai baka silaid, ka dawo gida a gajiye ƙafa na zugi. Abin da ya min aiki shine mara lafiya ɗaya kowane dare. Cikin waɗanda na gani ranar in zaɓi ɗaya in karanta cutarsa minti ashirin zuwa talatin, in yi kati uku ko huɗu, in ƙara da tambayoyi goma na fannin. Cutar da ka gani da fuska da murya bata gudu. Har yau in aka ce afendis yaron da na fara gani nake tunawa, ciwon ya fara masa a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, yaƙi abinci, ko motsin gado baya so. PAEA ma tana da jerin batutuwan kowace jarabawa, ka raba shi bisa kwanakin zagayen tun ranar farko, saboda akwai cututtukan da bazaka gani a asibitin da aka tura ka ba kuma zasu fito.

Ka kiyaye sirrin mutane, dokar HIPAA ba wasa bace, suna ko ranar haihuwa ko hoton fayil kada ya shiga katinka ko wayarka ko ChatGPT, "namiji ɗan shekara hamsin da wani abu" ya isa. In likitan da kake bi ya tambaye ka baka sani ba kace ban sani ba zan duba, kuma washegari ka kawo masa amsar tun kafin ya tuna. A aljihun farar riga ka riƙe ƙaramin littafi da biro biyu, ɗan tocila na duba ido, Epocrates a waya dan duba adadin magani, da dabino ko gyaɗa, saboda ranar tiyata zaka iya kaiwa la'asar baka zauna ba.